Mai Cikin Da Ke Ɗakin Zakariyya

Ranar da Ummusalma ta fara ganin Zakariyya, rediyon babanta ta kai gyara, ba wani abu ba. Masu cewa ta daɗe tana zarya a bakin tashar jirgi ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Yarinyar da ko kasuwar Kaura ba ta shiga sai an aike ta.

Shagon Zakariyya nan bakin tashar yake, ɗan ƙarami ne, rediyoyi da lasifikokin masallaci jibge har rufi. An ɗauke wuta. Ta yi sallama, shiru. Sai ta ji wani sauti yana fitowa daga ɗakin da ke bayan shagon, a hankali, mai kauri da taushi. Ba molo ba ne, ba garaya ba, amma ya ɗebo wani abu daga kowannensu. Ta tsaya da rediyo a hannu har ta manta abin da ya kawo ta.

Da ta ƙara sallama, sautin ya yanke. Wani dogon saurayi ya leƙo ta labule, fuskarsa duk tsoro.

"Kin ji wani abu?"

"Na ji."

"Kaset ne."

"Kaset ba ya kuskure ya koma baya ya gyara," ta ce.

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, dariya ta ƙwace musu su biyun.

Tsoronsa da dalili. Shekarun farko na shari'a ne a Zamfara, makaɗa da yawa sun rataye kayansu, wasu sun ƙetara Nijar. Ba wanda ke son a ji kiɗa na tashi daga ɗakinsa. Amma da ya ga ta riga ta ji, sai ya shiga ya fito da abin bakin labule. Ita tana waje, shi yana ciki, a rubuta wannan a ajiye.

Jita ce, ja mai duhu kamar jan goro, da siririn ƙugu da faɗin ƙasa, da tsaga biyu masu lanƙwasa a gaba kamar tsagar kumatu. Wajen wani Buzu ya samo ta a kasuwar Shinkafi, musaya suka yi da tsohon janareta.

"Sauran jitocin lantarki katako ne guda," ya ce. "In babu wuta bebaye ne. Wagga cikinta kogo ne kamar ƙwarya. In na jona ta da lasifika, har mutanen Sakajiki can nesa sai su ji. In babu wuta, sai ta yi magana da wanda ke kusa da ita kawai."

Ya taɓa tsirkiya kusa da wuya, sautin ya fito kamar namiji mai rarrashi. Ya matsar da hannu ƙasa, ya koma siriri mai tsini kamar kuntigi. Ya danne da tafin hannu, ya zama gurmi sak.

"Duk ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Amma don Allah kada kowa shi ji."

"Ban ji komai ba. Rediyo na kawo."

Rediyon nan ya sha lalacewa a watannin da suka biyo baya, kuma Allah ya sani babu abin da ya same shi. Daga baya Zakariyya ya yi abin da ɗan mutunci ke yi, ya fara zuwa ƙofar gidansu da la'asar, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Wata rana ya ce mata ƙura na damun jitar, sai ta naɗe zanenta na atamfa, shuɗi mai zanen kifi, ta sa a leda ta ba shi ya lulluɓe jitar.

Wayar hannu ta fara shigowa gari a lokacin. Gwaggo Asibi, yayar babanta, tana da ɗaya da ɗanta ya aiko mata daga Gusau. Ba ta karatu, Ummusalma ke duba mata saƙo, don haka saƙon Zakariyya nan yake sauka.

"Ummina, yau na gyara rediyo har na gaji, duk tashar da na murɗa muryarki nake nema. Ki ci abinci. Ki gaida Gwaggo."

"Mi ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya ce a gaishe ki."

"Gaisuwata ce ta sa kike murmushi kamar an ba ki kilishi? Ku dai yi ta yi."

Babanta, Malam Gwadabe, masassaƙi ne, turmi da akushi da kujerar mata. Yana son yaron, don shi ke gyara lasifikar masallacinsu ba ya karɓar komai. Ya ce a turo magabata bayan kaka. Sai dai duk gidan an san maganarsa guda: ɗiyarsa ba ta auren maroƙi, mai tsayawa da kayan kiɗa a ƙofar mutane yana ci da bakinsa. Shi ya sa Ummusalma ta haɗiye zancen jita, ko Gwaggo ba ta gaya wa ba.

Sai damina ta yi ƙarfi. Rufin ɗakin Zakariyya ya yi yoyo, danshi ya shiga jitar, katakon gabanta ya kumbura ya fara rabuwa da gefe. Hankalinsa ya tashi. Yana da aboki kafinta a Shinkafi, Ladan, wanda ya san da ita. Kira da wayarsa tsada, sai ya tafi ƙarƙashin laimar Mainasara, mai wayar haya a bakin titi.

Mainasaran nan ya taɓa neman Ummusalma ta ce ba ta so, cikin mutunci ta ce masa, ba ta zage shi ba.

Zakariyya ya so ya yi raɗa, amma sabis ya ƙi. Ladan yana ta cewa ba ya ji, har sai da ya ɗaga murya.

"Na ce cikinta ya taso. Eh, 'yar Nijar ɗin da ke ɗakina. Tun farkon damina. Kullum ƙaruwa shike yi, ban san yadda zan yi ba. Ka zo da abin da ka sani, a yi shi a ɓoye, kada kowa shi ji."

Ya biya ya tafi. Bai ko lura da yadda masu zama a bencin suka yi tsit ba.

Da yamma Mainasara ya zagaya bayan shagon ya leƙa taga. Ya ga abu kwance a gado, da ƙugu, da tudu a tsakiya, lulluɓe da atamfa shuɗiya mai kifi. Mutum mai tsoron Allah zai je ya tambaya. Shi ya koma ƙarƙashin laimarsa, duk wanda ya zo kira sai ya ba shi labari kyauta.

Kafin Juma'a zance ya gama gari. Da farko 'yar Nijar ce. Sai wata mai kitso ta ce ai ta san zanen nan, ta sha ganinsa jikin ɗiyar Gwadabe. Daga nan 'yar Nijar ta ɓace daga labarin. Matan da suka goya Ummusalma tana jaririya su ne suka riƙa kallon cikinta a bakin famfo. A shekarun nan irin wannan zance ba gulma ba ce kawai, yana iya kai yarinya gaban alƙali.

Malam Gwadabe ya shigo gida da azahar, gatarinsa na sassaƙa a hannu, ya zauna a turmi.

"Ummusalma, ina zanenki mai kifi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shina ɗakin yaron can?"

"Shina can, Baba."

"Mi ya kai shi?"

In ta faɗa, ta ba da amanar Zakariyya, Baba ya ce maroƙi ne, aure ya mutu, wataƙila a farfasa jitar a titi. In ta yi shiru, sunanta ne ke mutuwa. Hawaye kawai suka zubo. Baban ya tashi ya ce kada yaron ya ƙara taka masa zaure, ya fita bai ci tuwo ba.

Ta shiga ɗakin Gwaggo ta kifa kai a cinyarta. Wayar ta yi ƙara.

"Ummina, yanzu labari ya iso mini. Laifina ne. Kada ki ƙara rufa mini asiri da mutuncinki. Ki gaya musu su zo su gani, ƙofata a buɗe take. Katako ce, ke kuwa ba ni da wata."

Wannan karon ta karanta wa Gwaggo duka, ta kuma ba ta labari tun daga rediyo. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki mayafi.

"Kan katako anka ɓata mini ɗiya? Tashi."

Ba ta yi shi a ɓoye ba. Ta tsaya wurin sassaƙa ta ce, "Gwadabe, aje gatarin nan ka biyo ni." Ya ce, "Yaya, ki bari." Ta ce, "Ni na goye ka, ba kai ka goye ni ba." Ya biyo ta. Ta kira mai unguwa. Ta biya ta gidan mai kitso ta fito da ita da kumfar sabulu a hannu. A bakin titi ta tsaya gaban laima.

"Mainasara, kai ka ga mai ciki, kai za ka nuna muna ita."

"Gwaggo, ni ban ambaci sunan kowa ba."

"Ƙafarka ta ambata lokacin da ta kai ka tagar mutane. Wuce gaba."

Zakariyya yana tsaye bakin shago, ya riga ya ɗage labule. Ya durƙusa ya gaida Malam Gwadabe, ba a amsa ba. Gwaggo ta shiga ta fizge zanen. Ta ɗauko jitar ta wuya kamar kaza, ta fito da ita hasken rana.

"Ga ta nan. Ku yi mata sannu."

Wani ya tuntsire da dariya ya haɗiye. Mai kitso ta rufe fuska da mayafi.

"Shari'ar nan da kuke tsorata ɗiyan mutane da ita," in ji Gwaggo, "akwai bulalar ƙazafi a cikinta ko babu? Mai unguwa, kai nika tambaya."

"Akwai, Hajiya."

"To ina son a auna wa wanga bayanshi."

Ummusalma ta riƙo gefen mayafinta. "Gwaggo, ki bar shi. An gani, ya isa."

"Ke kin yafe. Ni ban yafe ba."

Malam Gwadabe yana tsaye gefe yana kallon jitar. Fuskarsa ta saki da farko, sannan ta sake ɗaurewa. Ya dubi Zakariyya.

"Ashe makaɗi ne kai."

"Ina kaɗawa, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. In ka ce a fasa ta, ga ta, ka fasa da hannunka. Ummusalma dai nike roƙo."

Ummusalma ta runtse ido lokacin da baban ya karɓi jitar. Ta jira ƙarar fashewa. Abin da ta ji ƙwanƙwasa ce, a hankali, irin wadda yake yi wa akushi kafin ya sayar. Ta buɗe ido ta gan shi yana bin gefen da babban yatsa, yana leƙa tsagar, yana jinjina nauyin.

"Ba sassaƙa ta anka yi daga gungume ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Lanƙwasa icen anka yi. Ko ƙusa guda babu. Wanda ya haɗa wagga bai yi ha'inci ba." Ya taɓa wurin da ya kumbura, ransa ya ɓaci. "Kai kuma ka bar ta ƙarƙashin yoyo."

"Kuskure ne, Baba."

"Ka taɓa tsayawa da ita ƙofar wani?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa kiran sunan wani da ita don shi ba ka?"

"Ko sau guda. Ba wanda ya taɓa jin ta sai Ladan da Ummusalma, ita ma daga bakin ƙofa."

Malam Gwadabe ya dubi ɗiyarsa. Sannan ya sa jitar a hammata.

"Ka san za a iya fasa ta, ka ɗage labule. Na gani. Wagga tana wurina sai ta bushe, gam ɗin Shinkafi ba shi riƙe ta. Lasifika kuwa ta masallaci ce, kada in ji ka jona ta. Ka gaya wa magabatanka na Jangeru maganar bayan kaka tana nan."

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure kamar da.

"Kin yi kuka saboda ni," in ji Zakariyya.

"Kaɗan."

"Idonki bai ce kaɗan ba."

"Da Baba ya fasa ta fa?"

"Da na yi kwana biyu ina baƙin ciki. Amma da ke na rasa, ban san ranar dainawa ba."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Mai rediyo, ka iya zance."

An ɗaura aure bayan an shigar da gero rumbu. Mainasara bai je ɗaurin aure ba, kuma har yau bai taka gidan Gwadabe ya ce a yafe masa ba, haka matan bakin famfo. Suna nan da ransu, sun san kansu, ƙofar kuma ba a rufe take ba.

Ranar kai amarya, mata sun jera da kwalla da tabarmi a ka. Gwaggo Asibi ta ƙi ɗaukar komai sai jitar, wadda ƙanenta ya danne ta da duwatsu ya gyara har ba a gane inda ta rabu. Ta goya ta a baya da majanyi. Da ayarin ya iso bakin titi, ta karkata ta tsaya gaban laima.

"Mainasara, mai cikin ta sauka lafiya. Ba mu ga ka zo barka ba."

Ya sunkuya yana danne-dannen wayar da ba ta yi ƙara ba. Ummusalma tana cikin lulluɓi, kafaɗunta na rawa don dariya, masu rakiya suka ɗauka kukan amarya ne suna ta ba ta haƙuri.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare su daga bakin da ba ya tambaya kafin ya faɗa. Amin.