Kwalekwale a Kan Katakon Kaka

A unguwar Rijiyar Lemo da ke Kano akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Yarinya ce mai yawan tunani. Sau da yawa za ka gan ta ta yi tagumi tana kallon sama, kamar ana nuna mata wani abu a cikin gajimare.

Babanta atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Idan ya dawo da yamma, sai ya shige ɗan ɗakin da ke kusa da zaure. A can ya haɗa wani injin sassaƙa katako, wanda kwamfuta ke ba wa umarni. Ba don sana'a ya haɗa shi ba, sha'awa ce kawai.

Injin yana da ƙananan moto guda uku. Ɗaya na kai shi dama da hagu, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. A tsakiya kuma akwai sifindil, wato abin da ke juya siririn ƙarfen yanka. Baba na kiran wannan ƙarfe haƙori.

Yarinyar tana son zama ta kalle shi yana aiki. Garin katako na tashi a cikin hasken taga kamar zinariya. Ita kuwa sai hankalinta ya tafi can Tafkin Chadi, inda aka haifi kakarta, Kaka Fanta. Ba ta taɓa zuwa ba, amma ta sha jin labarinsa.

"Ruwa ne iya ganinki," in ji Kaka. "Da sassafe kwalekwale ke fita, tsuntsaye farare na bin su. Wani lokacin ma wata bai gama ɓacewa ba."

Wata rana Kaka ta fito da wani faffaɗan katako mai duhu. Murfin akwatin da ta zo Kano da shi ne tun tana amarya. Gara ta cinye akwatin, murfin kaɗai ya rage.

"Ungo, jikata. Ki sa injin babanki ya zana min ruwan garinmu a kai."

Murna ta kama yarinyar. Ta zauna a gaban kwamfuta ta zana kwalekwale, da tsuntsaye, da wata zagayayye a sama.

"Baba, yau za mu sassaƙa?"

"Ba yau ba. Na canza moto ɗaya, ban gama saita shi ba. Sai mun gwada a kan tarkacen katako tukuna. Kuma kada ki kunna injin nan idan ba na nan."

"To, Baba."

Ran Asabar Baba ya tafi kasuwa. Inna tana madafa tana jajjage. Yarinyar ta leƙa ɗakin injin, ta shafa katakon Kaka. Ta lumshe ido, sai ta ga kanta a cikin kwalekwale, iska na kaɗa mata ɗankwali. Ta ga Kaka tana dariya, tana nuna wa maƙwabta aikin jikarta.

"Ai na sha ganin yadda Baba ke yi," ta ce a ranta. "Shi dai ya cika jan ƙafa ne."

Ta ɗaure katakon a kan injin. Ta buɗe inda ake saita gudu, ta ƙara lambobin sosai don aikin ya ƙare kafin Baba ya dawo. Ta danna maɓallin kunnawa.

Da farko injin ya fara zana watan. Can sai kukansa ya canza, ya koma ƙara mai tsinin gaske. Moto ɗaya ya cije yana karkarwa. Haƙorin ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, hayaƙi ya fara tashi. Sai injin ya zabura gefe. Ƙas! Haƙorin ya karye, guntunsa ya wuce ta gefen kunnenta ya bugi bango.

Ta danna jan maɓallin kashewa. Inna ta shigo a guje.

"Innalillahi! Me ke ƙonewa? Kin ji ciwo?"

Ba ta ji ciwo ba. Amma watan ya karkace kamar ƙwai, ga baƙin tabo a tsakiya, ga doguwar tsaga ta ratsa inda ruwa zai kasance. Ta fashe da kuka.

Da Baba ya dawo, ita da kanta ta gaya masa komai. Ya ɗauki guntun haƙorin ya daɗe yana kallo.

"Da a idonki ya sauka fa?" ya tambaya a hankali.

Ta sunkuyar da kai.

"Je ki nuna wa kakarki."

Wannan ya fi mata duka ciwo. Kaka ta karɓi katakon, ta shafa tabon da yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Shi kaɗai ya rage min daga gida," ta juya fuskarta bango.

Ran Litinin bayan an tashi daga makaranta, Baba ya ɗauke ta a babur. Suka wuce mahaɗar Bata suka shiga Sabon Gari, shagon Anti Philomena mai sayar da kayan lantarki. A wurinta Baba ke sayen kayan injinsa.

"Malam Gana, kai ne da karya haƙori?" ta ce wa Baba tana dariya.

"Ni ce, Anti," in ji yarinyar. "Na ƙara wa injin gudu."

Anti Philomena ta ɗauko wani ƙaramin moto ta ɗora mata a tafin hannu.

"Kin ga wannan? Taku-taku yake tafiya, kamar mai hawa bene. Idan kika ce ya zabura lokaci ɗaya, sai ya tsallake taku. Ita kuma kwamfuta ba ta san ya tsallake ba. Daga nan komai sai ya karkace."

"To ta yaya zan san gudun da ya dace?"

"Ki fara daga ƙasa. Ki auna, ki saurara, sannan ki ƙara kaɗan."

Haka suka yi ita da Baba kullum bayan la'asar. Ta sa tabarau na kare ido. Baba zai umarci injin ya yi tafiyar santimita goma, ita kuma ta auna da rula. Idan bai kai ba, su gyara lambar, su sake. Suka ƙara gudu kaɗan-kaɗan, har suka ji inda moto ya fara cijewa, sai suka rage.

Sannan suka koma kan sifindil.

"Idan yana juyawa da sauri amma tafiyar ta yi sanyi, katako ya ƙone," in ji Baba. "Idan tafiyar ta fi ƙarfin juyin, haƙori ya karye. Dole su daidaita."

Suka cika kwando da tarkacen gwaji. Wata yamma injin ya yi wani kuka mai laushi, kamar ƙudan zuma a nesa. Ya zana da'ira a kan tarkace, ta fito cif.

"Baba, ka ji? Yanzu ba ya wahala."

Baba ya yi murmushi. Ya juya katakon Kaka ta bayansa, inda babu tabo. Yarinyar ta danna, yana tsaye a gefenta. A hankali kwalekwale ya fito. Tsuntsaye suka buɗe fukafukai. Ta ji kamar ruwan na motsi.

Ta kai wa Kaka da hannu biyu. Kaka ta kalla, ta sake kalla, hawaye na bin kumatunta.

"Wallahi haka yake. Haka ruwanmu yake."

"Kaka, ki yafe min. Gaggawa ce ta sa na ƙi jin maganar Baba. Na gane aiki mai kyau sai da haƙuri da bin umarnin manya."

"Na yafe miki, jikata. Allah Ya yi miki albarka."

Kaka ta jawo ta jikinta ta rungume. Sannan ta ɗaga murya ta ce a kirawo mata maƙwabta, su zo su ga garinsu.