Direban Alhaji Hmad

"Wa ya nuna maka yadda ake buɗe ƙofar nan?"

Idir ya juyo da butar shayi a hannu. "Wace ƙofa kuma, hasken idona?"

"Ajiye hasken ido a gefe! Ƙofar gefen nan. Sai an tokare ta da gwiwa an ɗaga take buɗuwa. Ni da na san motar tun tana sabuwa, har yau sai na yi kokawa da ita. Kai kuwa tun ranar farko..."

"Tilila, bakanike ne fa ni. Ƙofa nawa na buɗe a rayuwata?"

Ya yi dariya ya miƙa mata kofi. Ta karɓa, amma ba ta sha ba.

Sati uku ke nan da aurensu, kwana shida kuma suna bin gaɓar teku a motar marigayi babanta, Alhaji Hmad. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da 'yar makewayi. Da ita ya dawo daga Faransa bayan ya ajiye aiki, kuma duk hunturu sai ya bar su a Meknas, ita da Inna, ya gangara kudu shi kaɗai har wata uku. Idir kuwa a wajen ta'aziyya ta fara ganinsa. Cewa ya yi sau ɗaya ya taɓa gyara wa Alhaji taya a garejinsa na garin Mirleft, can kudu.

Sau ɗaya!

To wanda ya gyara taya sau ɗaya, yaya aka yi ya san ya sunkuyar da kai a daidai kabad ɗin da kowa ke bugawa? Shekaranjiya da ashana ta ƙare, hannu kawai ya zura ƙarƙashin katifa ya zaro wata a cikin tsohon gwangwanin sadin. Da famfo ya ƙi kawo ruwa, duka biyu ya yi masa a gefen hagu, irin na Baba sak.

Tilila tana ta tara su a ranta. Duk murmushin da ya yi mata sai ta ji gabanta ya faɗi. Wane ne wannan mutumin da ta aura?

Bayan sun wuce garin Sawira, ba tare da ya tambayi kowa ba, ya karya kan motar zuwa wata 'yar hanyar ƙasa tsakanin itatuwan argan. Suka gangara wani ƙauyen masunta, jiragen ruwa shuɗaye a jere bisa yashi.

"Ka taɓa zuwa nan ne?"

"Ji na yi ana yabon kifinsu," ya ce, idonsa a kan hanya.

Bai ko gama kashe mota ba wata tsohuwa mai suyar kifi ta yar da matsaminta ta taho da sauri.

"Idir! Ɗana! Wallahi daga nesa na gane kukan motar nan!" Ta share hawaye da gefen mayafi. "Allah ya jiƙan Alhaji rigimamme. Hunturu biyu kana tuƙa shi yana maka faɗa, ban taɓa jin ka ce uffan ba. Wannan ce 'yar tasa? Kai, hancin nan nasa ne!"

"Lalla Ijja..." in ji Idir.

Tilila ta gaishe ta da ladabi, ta karɓi kifin da ta tura mata a takarda. Sannan ta koma cikin mota ta zauna a bakin gado.

Ya shigo ya durƙusa a gabanta.

"Hunturu biyu," ta ce. "Taya ɗaya ce ta ci hunturu biyu?"

"Idonsa ne ya yi rauni, Tilila. Da kyar yake kai motar bayan gari, a can nake jiransa in karɓa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don idan Inna ta ji za ta ɓoye makullin."

"Sai ya bar maka motar ya haɗa da ni ko? Amana ce ni? Shi ya ce ka aure ni?"

"A'a."

"Kada ka ƙara min wata ƙaryar!"

"Wallahi a'a! Ai da hakan ne da tuni na faɗa miki..." Ya sunkuyar da kai. "Kullum zancenki yake. Tilila ta ce, Tilila ta yi. Idan kin kira shi ina gefe ina jin dariyarki. Ban san lokacin da kika shiga raina ba. Na roƙe shi ya ba ni ke. Ya hana ni."

Sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Ya hana ka?"

"Sau uku."

"Babana ya ce a'a, ka jira aka binne shi, ka zo ka zauna a tabarmar makokinsa kana kallona?"

Hawaye suka zubo masa. Bai goge ba.

"Me ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa, kada ka gyara!"

"Ya ce, 'Kai yaron kirki ne, amma garejinka na Mirleft. Na bar matata ita kaɗai shekara talatin ina Faransa. Ba zan mutu kuma ka ɗauke mata 'yar da ta rage mata ba.' Shi ya sa na rufe garejin na dawo Meknas kafin in tura magabatana. Ban sani ba ko hakan ya isa. Kullum ina tambayar kaina."

Tilila ta rufe fuska ta yi kuka mai isarta. Tana son mutumin nan, Allah ya sani. Amma maganar Baba ce, kuma Baba ba ya nan balle a koma a roƙe shi.

Can ta ɗago ta ciro waya.

"Ba ni zan yanke wannan ba. Domin Inna ya hana ka. Faɗa mata da bakinka, duk abin da ta ce shi zan yi."

"Ko da ta ce..."

"Ko da ta ce."

Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kira Inna, ya buɗe muryar wayar yadda Tilila za ta ji. Ya faɗa wa Inna komai, yana yi yana sarƙewa.

"Ka gama?" in ji Inna.

"Na gama, Inna."

"Kai da marigayin duk kun raina min hankali. Mutumin da yake zuba gishiri a shayi, shi zan yarda ya tuƙa mota har Mirleft? Na san akwai mai kai shi. Kullum ina yi wa mutumin addu'a ban san sunansa ba. Ashe kai ne kake dawo min da shi lafiya..."

"Inna, amma ya hana shi ni," Tilila ta faɗa cikin kuka.

"Don ni ya hana, ni kuma na bayar! Wa ya tambaye ni ma tun farko? Ke, goge hancinki ki ba mijinki abinci. Kai kuma ɗana, saura ka sake ɓoye mata wani abu, ni da kai ne."

Ta kashe wayar.

Idir na nan durƙushe, ya kasa ɗagowa. Tilila ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauko ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta kama hannunsa.

"Ban huce ba fa."

"Na sani, zuciyata."

"Wata shidan nan na hunturu biyun ƙarshe na Baba kai ka gan su, ni ban gani ba. Za ka ba ni labarinsu duka. Abin da ya ci, inda ya zauna, har zagin da ya yi maka."

Ya yi dariya cikin hawaye. "Zagin da yawa fa."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Fara daga na farko," ta ce.