Wayar Eriya Ba Igiyar Shanya Ba Ce

A unguwar Soron Ɗinki akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Tana da ƙoƙari a makaranta, kuma ba ta da ƙiwuya. Amma fa akwai zuciya. Abu kaɗan sai ta kumbura kamar kububuwa, bakinta kuma kullum yana riga tunaninta.

Ranar wata Asabar, yayarta Firdausi ta kai zagayen ƙarshe a musabaƙar Alƙur'ani. An ce za a nuna karatun kai tsaye a talabijin bayan la'asar. Tun da safe Umma ta raka Firdausi wurin gasar. Abba ya tafi kasuwa, ya ce da azahar zai dawo.

Kakarsu 'Yardada ce ba ta samu zuwa ba. Ciwon gwiwa ya hana ta fita ko ƙofar gida. Ita ce kuwa ta fara biya wa Firdausi Fatiha tun bakinta bai gama buɗewa ba.

"Auta, ki kula mini da akwatin nan yau," in ji Kaka. "Ina so in ga yarinyar nan da idona. Wa ya san mai kaiwa baɗi?"

"Za ki gan ta, Kaka. Ai an kawo wuta tun hantsi."

Auta ta wanke kayan makarantarta. Da ta zo shanya, sai ta tarar zannuwan gadon Umma sun cika igiya. Ta yi tsaki ta zagaya bayan ɗaki. A can akwai wata baƙar waya da ta sauko daga eriyar da ke kan doguwar gora, ta shiga falo ta taga. Sau biyu Abba yana hana ta taɓa wayar nan. Amma wannan ce Asabar ta uku da take shanya a kanta, kuma ba wanda ya gani. Ta ɗora riga da wando da hijabi biyu, ta ƙara da jiƙaƙƙen tawul. Wayar ta lanƙwasa, ita kuwa ta yi tafiyarta.

Ta shiga falo ta kunna talabijin don ta gwada. Dama kwanan nan hoton ya fara rawa, amma na yau ya fi na kullum. Ɗigo-ɗigo ya rufe fuskar mai labarai. Can sai wasu fararen layuka suka keta hoton, murya ta koma ƙara.

Auta ta canza tasha. Duk ɗaya. Ta ɗaka wa akwatin duka a gefe.

"Daina dukansa, ba jaki ba ne," in ji Kaka.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Tana tsaye tana huci, sai ta lura da wani abu. Ta bayan katanga ana jin keken surfani na maƙwabcinsu, Baba Maharazu. Idan keken ya tashi, layukan sai su fito. Idan ya tsaya, sai su ɓace.

"Ashe shi ne," in ji ta. "Yau sai ya ji da ni."

"Ke, dawo nan," in ji Kaka. Ina, tuni ta kai soro.

Baba Maharazu yana zaune a zaurensa, ya sunkuya a kan wuyan wata babbar riga. Mutum biyu suna kan benci suna jiran ɗinkinsu. Auta ta faɗa ciki ba sallama, ba gaisuwa.

"Baba, a kashe keken nan. An lalata mana talabijin."

Ƙarar keken ta hana shi ji. Ita kuwa ta ɗauka banza ya yi da ita. Ta miƙa hannu bango ta fizge wayar keken daga soket.

Baba Maharazu ya firgita ya ja rigar. Allura ta karye. Zare ya cukurkuɗe a tsakiyar aikin da ya kwana biyu yana yi.

Mutanen da ke kan benci suka dubi juna.

"Wannan 'yar gidan wa ce?" ɗaya daga cikin mutanen ya tambaya.

"'Yar maƙwabcina ce," in ji Baba Maharazu a hankali. "Ni na raba goron sunanta."

"Kekenku ne yake ɓata mana hoto," in ji Auta. "Yau za a nuna yayata, kuma Kaka za ta kalla. Ku ba ruwanku da kowa sai ɗinkinku."

Idanun tsohon suka kaɗa. Ya dube ta. Sannan ya ce, "Je ki gida. Ai kin riga kin kashe."

Ta koma tana taƙama. Amma da ta dubi talabijin sai taƙamar ta gushe. Layukan sun tafi, ɗigo-ɗigon kuwa yana nan. Ba a gane namiji, ba a gane mace.

Bayan sallar azahar Abba ya shigo. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ƙwala mata kira. A masallaci ya ji labari, kuma a gaban jama'a.

"Ke ce kika shiga zauren Malam Maharazu ba sallama?"

"Abba, ai kekensa ne..."

"Rufe mini baki. Shekara ashirin muna katanga ɗaya da mutumin nan, ko musu ba mu taɓa yi ba. Kin san wuta ba ta zama. Ɗan lokacin da aka kawo ta, a nan yake neman abincin iyalinsa. Shi ne za ki je ki kashe masa keke? A gidan nan kika koyi haka?"

Auta ta turo baki. "Da idona na gani. In ya kunna sai hoto ya lalace."

"Tun yaushe yake da keken nan?"

"Tun ban san kaina ba."

"To, me ya sa bai taɓa ɓata mana hoto ba sai yanzu?"



"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Abba. "Zo nan. Mai neman matsala ɗaya bayan ɗaya yake dubawa, ba da faɗa ba."

Ya leƙa bayan talabijin ya taɓa kan wayar eriya. A ɗaure yake. Ya ɗauko na'urar faifai, ya haɗa ta da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, kowane a raminsa. Ya saka faifan wa'azi. Hoto ya fito tangaran.

"Me kika gane?" ya tambaye ta.

"Akwatin lafiyarsa ƙalau."

"Saura me?"

"Eriya," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ko wayarta."

Abba ya kama wayar daga taga yana bin ta. Auta tana biye da shi. Suna zagayawa bayan ɗaki sai ga kayanta reras a kan waya, tawul yana ta ɗiga.

Abba ya matsa kusa. Ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya ya ɗora mata a hannu. Daidai inda ƙusa ta riƙe wayar, robar ta tsage. Siraran wayoyin da ke ciki sun tsittsinke, sun yi kore saboda ruwa.

"Dubi nan," in ji shi, yana danne fushinsa. "Wannan jan ƙarfen na tsakiya shi yake kawo hoto. Wannan saƙar da ta kewaye shi ita take tare hayaniyar injuna. Muddin saƙar tana nan, ko keke goma aka kunna ba abin da zai shigo. Nauyin kayanki ya tsinka ta, ruwan wankinki ya shiga ciki. Ke kika buɗe ƙofa, sannan kika je kina zagin mai wucewa."

Kaka ta ji komai ta taga. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai juya fuskarta bango ta ce, "Shi ke nan. Ba rabon in ga Firdausi."

Wannan maganar ta fi bulala zafi. Auta ta fashe da kuka.

"Abba, mu je mu sayo wata wayar. Don Allah mu yi sauri."

"Za mu je. Amma sai kin fara zuwa wurin Malam Maharazu."

"Lokaci zai ƙure."

"Ko da za mu rasa kallon, can za ki fara zuwa."

Wannan karon ta yi sallama sau biyu kafin a amsa. Mutanen sun tafi. Baba Maharazu yana riƙe da reza yana farke aikinsa. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba laifin kekenku ba ne. Ni ce na yi shanya a kan wayar eriya ta tsage. Na yi muku rashin kunya a gaban mutane."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da farkewa har gwiwoyinta suka fara zafi.

"Kin san abin da ya fi ɓata mini rai?" ya ce daga baya. "Ba allurar ba ce. Da kin yi sallama kin ce kakarki za ta kalli jikarta, da kaina zan rufe zauren nan har magariba."

"Na tuba, Baba."

"Na yafe. Amma zaren nan ba zai tsince kansa ba. Gobe in kin taso daga Islamiyya ki zo."

"Zan zo."

Abba ya ɗauke ta a babur suka nufi unguwar Koki, shagon wani mai kayan wuta da ake kira Nazeer. Wayoyi sun cika shagon, wasu a naɗe, wasu a rataye. Auta ta hango wata fara siririya a cikin leda mai ƙyalli.

"Abba, ga mai kyau can."

Nazeer ya yi dariya. "Ƙanwata, ba a zaɓen waya da kyan riga."

Ya fere bakin farar da wuƙa, ya fere na wata baƙa mai kauri, ya miƙa mata duka biyun. A cikin farar, 'yan silin waya ne da ba su fi a ƙirga ba. Baƙar kuwa saƙarta a cike take, ga kuma farar takarda mai ƙyalli a ƙarƙashinta.

"Wacce za ta tare hayaniyar keke?" Abba ya tambaye ta.

Ta ɗaga baƙar.

"Kin gane," in ji Nazeer. Ya juya ga Abba. "Alhaji, a sa ta guda ɗaya daga eriya har akwati, kada a yi mata ƙari a tsakiya. Kada a haɗa ta hanya ɗaya da wayar wuta. Bakinta na sama kuma a naɗe shi sosai saboda ruwa."

Suna shiga lungunsu ana kiran la'asar. Kafin Abba ya dawo daga masallaci, an riga an fara gasar. Auta tana jin muryar mai gabatarwa daga rediyon wani gida.

Abba ya kama gorar zai kwantar da ita. Ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta yi tangal-tangal, eriyar ta kusa dukan katanga.

"Riƙe nan," ya daka wa Auta tsawa. Ta riƙe da iya ƙarfinta, amma hannunta bai kai ko'ina ba.

Sai suka ji sallama daga soro. Baba Maharazu ne. Abba ya yi masa iso, ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Malam Muttaka, kama sama, ni in riƙe gindin."

Suka kwantar da gorar. Abba ya cire tsohuwar waya ya ɗaura sabuwa, ya naɗe bakinta. Suka sake tayar da ita. Auta ta zura ɗaya bakin ta taga, ta ruga falo ta karɓa. Ta murɗa shi a bayan akwatin.

Hoto ya fito tas. Ga alƙalai a jere, ga wata yarinya tana sauka daga kan kujerar karatu.

"An wuce ta?" Kaka ta tambaya.

Ba wanda ya sani. 

"Bari mu tabbatar da aikinmu," in ji Baba Maharazu. Ya koma zaurensa ya taka keke. Ƙararsa ta cika gidan, amma hoton ko gezau.

A daidai lokacin mai gabatarwa ya kira suna: "Firdausi Muttaka, daga Soron Ɗinki."

"Baba, ku zo, ga ta nan!" Auta ta ƙwala ta kan katanga.

Firdausi ta zauna cikin farin hijabi, ta yi basmala ta fara. Kaka ta matso har bakin kujera. Leɓunanta suna motsi tare da na jikarta, aya bayan aya, hawaye yana bin kumatunta. Baba Maharazu yana tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa kai.

Da aka idar, Abba ya dubi Auta. Fushinsa ya sauka.

"Me kika koya yau?"

"Idan abu ya lalace, in fara duba abin da ni na yi kafin in zargi wani," in ji ta. "Kuma ko ina da gaskiya, ba a yi wa babba magana cikin fushi."

"Haka ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani."

Kaka ta jawo Auta jikinta ta share mata fuska da gefen mayafi.

"Kaka, ba a faɗi wadda ta zo ta ɗaya ba tukuna," in ji Auta.

"Su faɗi duk wadda suka ga dama," in ji Kaka. "Ni dai na gan ta, kuma na ji ta."