Raɗa a Gandun Daji

Zargi ne ya kayar da Malama, ba wata mace ba. Yarinya ce mai tsafta da ladabi, amma kunnenta na ɗaukar duk abin da aka zuba masa, kuma ba ta tambaya sai ta gama yanke hukunci.

"Dube su da kyau," in ji Yaya Babba, murya ƙasa-ƙasa.

Malama ta duba. A bakin ƙofar gandun daji, Abban Auta, mutumin da saura kaɗan a ɗaura musu aure da Malama, yana tsaye da wata ma'aikaciyar gandun mai koren kaki, suna ta dariya.

Mai kemis ne. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, namiji da suke kira Sarkin Tambaya, da Auta wadda Malama ke koyarwa a ajin ƙananan yara. A ƙofar ajin nan suka san juna. Yayarsa, Yaya Babba, ita ta riƙe yaran tun rasuwar, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ƙanwar ƙawarta take so ya aura ba. Shi ya shirya wannan fita, wai ko zukata za su saba.

"Wuraren shaƙatawa nawa ne a kusa da gida?" Yaya Babba ta ci gaba. "Ya tsallake su duka, ya ce sai nan. Ke kin ɗauka giwa ya zo gani?"

"Haba Yaya..."

"To, ke yarinya ce."

Ya dawo da tikiti a hannu, fuskarsa a sake.

"Malamata, mun yi sa'a. Wannan ce za ta zaga da mu."

"Ka san ta ne?"

"A wurina take sayen maganin mahaifiyarta."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

Ya yi dariya. "Masu sayen magani zan riƙa lissafa miki, tawan? Ai sai mu kwana."

Ita ba ta yi dariya ba.

Suka hau motar gandun mai buɗaɗɗen sama. Ma'aikaciyar ta juyo ta yi musu gargaɗi: ba a ɗaga murya, ba a gudu ko me aka gani, kuma in aka sauka, kowane yaro yana hannun babba ɗaya. Abban Auta ya kamo hannun Auta ya sa a cikin na Malama.

"Ga taki nan. Ni zan ji da wannan mai bakin."

Mota ta shiga daji. Suka ga barewa, suka ga raƙumin dawa yana cin ganye a saman bishiya. Sarkin Tambaya ya so a faɗa masa ko raƙumin dawa yana yin tari, in yana yi, ta ina yake farowa. Da suka iso wani garken birai zaune a tsakiyar hanya, ma'aikaciyar ta ce gwaggon biri ne. Yaron ya juya da sauri.

"Gwaggo, ga masu sunanki."

"Zan ci gidanku," in ji Yaya Babba.

Kowa ya yi dariya, har direba. Malama kuwa ba dabba ɗaya da ta gani da kyau. Idonta na kan kujerar gaba. Ta ga ma'aikaciyar ta miƙa wa Abban Auta abin hangen nesa kafin kowa. Ta ga ya ce wani abu, ma'aikaciyar ta rufe baki tana murmushi. Kowanne ta ɗauka ta ajiye a ranta.

"Anti, kin matse min hannu," in ji Auta.

"Yi haƙuri, 'yar gidana."

Yaya Babba ta matso. "Ta fi ki sanin hanyar dariyarsa. Ni ƙanina ne, na san shi. Kunya ce ta hana shi janyewa, ba so ba."

Maganar ta shige Malama har ƙashi.

Da rana ta ɗaga, motar ta tsaya kusa da wani tafki. Akwai rumfar katako mai tsawo da ake hawa a kalli dabbobi suna shan ruwa, sai an ɗan taka ta wata siririyar hanya tsakanin ciyayi. Ma'aikaciyar ta shige gaba, Abban Auta da yaron na biye, sai Malama da Auta, Yaya Babba a ƙarshe.

Ba su kai rabi ba ma'aikaciyar ta tsaya cak. Ta ja da baya a hankali, ta kama hannun rigar Abban Auta, ta kai bakinta dab da kunnensa. Ta yi raɗa. Ya gyaɗa kai, bai ko waiwayo ba. Ta sake yin wata.

"A gabanki," in ji Yaya Babba daga baya. "A gaban idonki, 'yar nan."

Malama ta ji kanta ya yi zafi. Ta saki hannun Auta, ta taka da ƙarfi.

"Sakar masa riga!"

Ya juyo a firgice, ya ɗora yatsa a baki.

"Ni za ka ce wa na yi shiru? In sirri kuke da shi, me ya sa ka kwaso ni? Ka faɗa a gaban kowa mana..."

Ciyawar da ke hannun dama ta tsage. Giwa ce, da ɗanta a gindinta, kunnuwa a baje. Ta ɗaga hanci ta yi wata ƙara da ta girgiza ƙasa.

Auta ta nemi hannun da za ta riƙe, babu. Sai ta ruga.

Abban Auta yana ɗauke da yaron, ba shi da hannu na uku. Ma'aikaciyar ce ta tsaya tsakanin giwar da su, ta buɗe hannuwa, direba ya taso motar yana matsa ƙaho. Giwar ta yi taku kaɗan, ta yi turus, sannan ta kora ɗanta suka shige daji.

A cikin wani kwazazzabo aka tsinci Auta, hannunta na hagu a karye, tana kuka ba sauti.

A ɗakin shan magani na gandun, bayan an ɗaure hannun kafin a wuce asibiti, Malama ta same shi a baranda. Rigarsa duk ƙasa.

"Abban Auta... masoyina, ka saurare ni."

"Kin san abin da ta ce min?" Muryarsa a kwance take, wannan ya fi ba ta tsoro. "Cewa ta yi giwa ce da ɗa. In ɗauki yaron, in juya a hankali, ku biyo ni ba tare da kun sani ba. Haka suke yi in akwai yara. Mutum ɗaya ake faɗa wa, don kada wani ya yi ihu."

"Ban sani ba. Wallahi na ɗauka..."

"Na san abin da kika ɗauka."

"Yaya ce ta yi ta faɗa min maganganu tun a ƙofa."

Ta leƙa ta taga. Yaya Babba na zaune a bakin gado, kan Auta a cinyarta, tana mata fifita da gefen mayafi.

"Yaya ta daɗe tana min magana a kanki," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ɗauka ba. Ke wuni ɗaya kika yi da ita."

"Son da nake maka ne ya jawo."

"Da ni kika zaga, da na haƙura. Da marina kika yi a gaban mutane, da na shanye. Amma 'yata na ba ki."

"Ka yafe min, don Allah."

"Na yafe. Auren ne ba zan iya ba. Duk ranar da na fita kemis, zan riƙa tunanin wace magana aka kawo miki, kuma me kika saki."

Ta durƙushe a wurin tana kuka. Bai ɗago ta ba. Ya shiga ya ɗauko 'yarsa.

Suka kama hanyar komawa. Ko Sarkin Tambaya bai tambayi komai ba.

Ga abin da zargi ya ci mata. Ta rasa mijin da bai taɓa kallon wata ba. Ta rasa yara biyu da suka riga suka fara rigimar wanda zai kwana kusa da ita. Da aka cire wa Auta ɗaurin hannu, wata makarantar aka kai ta. Iyayen Malama suka mayar da kayan aure da kansu, kansu a ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, ƙanwar ƙawar Yaya Babba ta tare a gidan. Ma'aikaciyar da aka yi duk wannan a kanta kuwa, matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma har yau ba ta san an taɓa kishi da ita ba.