Rami na Shida

Magariba ta kawo jiki a Bodinga, kaji sun shige akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu, amma Maniru bai ajiye magagari ba. Yana tsugune a tsakar gida gaban kan injin gas, wani narkeken ƙarfe mai ramuka shida a gefe, yana ta guga. Matarsa Uwani tana kallonsa daga bakin murhu, irin kallon da take yi masa tun ranar da ya sayar da fadamar albasar da ya gada ya sayo gawar mota.

Gawa kuwa ce. Babbar mota mai bodin katako, ta yi shekaru a yashe gindin wata tsamiya bayan garin Shagari, har gara ta gama da katakon. A zamanin nan na farar hula da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi, balle kayan gyaran mota. Amma Maniru, don ya taɓa bin mota na 'yan watanni, ya ɗauki kansa gwani. Makanikan Sakkwato duk jakai ne a wurinsa. Shi zai ta da injin a cikin gidansa, ya yi jigilar albasa zuwa Kudu. Ya kwance shi ɗaiɗai: fistin a kwanon tuwo, noti a ƙwaryar fura, baƙin mai har gindin randa.

Aikin ramukan nan ya fi yin taƙama da shi. Ta nan inji ke shaƙar iska, in ji shi, kuma bakin kowane rami bai yi daidai da bututun da ake ɗaura masa ba, akwai ɗan tudu da ke tare hanya. Sai ya ɗebi shunin Uwani ba ko tambaya, ya shafe bakin, ya ɗora gasket, faifan da ake sawa tsakanin rami da bututu, ya zana da ƙusa, ya bi zanen da magagari har yatsa ya wuce sumul. Ya gama biyar. Duk baƙon da ya shigo sai ya zura yatsa ya yaba kafin a ba shi ruwa.

"Maigida, an kira salla," in ji Uwani. "Ka bar ƙarhen ga hakanan. Ba a gugan ƙarhe da magariba."

"Ke mi kinka sani ban da tuwo?"

Ya zura magagari a rami na shida, ko bismilla babu. Wani kuka ya fito daga cikin ƙarfen, siriri, irin na jinjiri. Ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har tukunya ta daina tafasa. Can sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, wani ya biyo shi, sannan noti suka fara zuba daga sama ɗaya bayan ɗaya.

Haka aka ci gaba duk faɗuwar rana. Jifa, sannan shiru, sannan muryar wata mata tana rarrashin yaro a inda babu kowa sai ƙarfe. Maniru ya ce 'ya'yan maƙwabta ne da mahassada, ya zagi unguwa kaf. Sai dai Uwani ta lura bai sake kusantar rami na shida ba, jarumin.

Wata magariba ta aiki 'yarsu Kaltume ta ɗauko fitila. Yarinyar ta zo daidai injin ta tsaya, ta juyo a hankali, leɓunanta shuɗi kamar ta sha shuni, ta zube. Daga ranar ba ci, ba magana. Numfashinta yana fita da kyar yana fito, kullum yana ƙara ƙanƙancewa. Maniru ya ce zazzaɓi ne. Uwani ta yafa mayafi ta kama hanyar Sifawa, ta dawo da Malam Arzika, wani tsoho mai ƙaramar murya da aka sani da aikin fitar da aljanu.

Malam ya zauna a kan buzu tsakanin yarinyar da ƙarfen. Ya daɗe yana karatu, rana tana sauka bayan katanga. Sai Kaltume ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa, ta dubi ubanta sama da ƙasa.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Mai gida," muryar ta amsa, kakkaura, ba ta yarinya ba. "Ku kunka yada ƙarhe gindin tsamiyarmu, mu munka tsinta. Ɗaki shidda. Wanga sakarai ya kwaso mu bai yi sallama ba, shina gurje muna ƙohwa ɗaya bayan ɗaya, muna ja da baya, har ɗaki na ƙarshe inda niɓ ɓoye jinjirina. Nan ma ya sako ƙarhe. Ɗana bai numfashi, ɗiyatai ma ba ta yi."

"Bai sani ba. Mi kika so?"

"Baƙin bunsuru."

"Ba mu yanka ma kowa sai Allah. Sake wata."

Ta yi huci ta hancin yarinyar.

"To a maida mani gidana inda anka ɗauko shi. Yau. In ya isa tsamiya, ni hita."

Malam ya juya ga Maniru, Uwani ma ta juya. Kan inji irin wannan babu shi a kasuwa, kowa ya sani, in ya tafi mota ta tafi, fadama kuma ta riga ta tafi. Uwani ta san haka, amma ta ɗauka amsar ba ta bukatar tunani. Sai ta ga mijinta ya kai hannu yana shafa bakin rami na biyar.

"Allah gafarta Malam," ya ce a hankali, "halan ba ta iya haƙuri har a gama kakar albasa?"

Dariyar da ta fito daga bakin Kaltume ba ta da tsawo. "Malam, ka ji uba. Mu da kuka kira ƙazamai ba mu yin haka."

Kunya ta rufe Uwani, sannan wani abu mai sanyi ya maye gurbinta, wanda bai sake barin zuciyarta ba.

"An ba ki," ta ce. "Ni uwatta na ba ki."

Ita ta fita ta kira mai amalanken shanu. Maƙwabtan da Maniru ya zaga, su suka ɗaga ƙarfen, shi yana tsaye riƙe da magagari. Malam ya bi amalanken har Shagari yana karatu. Kafin ya dawo Kaltume ta yi atishawa, ta ja numfashi mai tsawo, ta nemi kunu.

Jifa ya ƙare. Ragowar injin ya zauna a tsakar gida, kaji suna ƙwai a cikinsa, Maniru kuwa yana bakin kasuwa yana ba da labarin yadda ramuka biyar suka fita sumul. Kaltume ta warke sarai. Tana gaishe shi safe da yamma, tana kai masa tuwo, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, har Uwani ta sa rai ba ta ji komai ba a ranar.

Da zafi ya shigo, kaka ta zo ƙarshe, motar albasa ta ƙarshe ta bar Bodinga tana nishi. Uwani da Kaltume suna tsinkar zogale a inuwa, yarinyar ta saurari ƙararta har ta ɓace.

"Inna," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "ashe da sai yau Baba za shi amso ni."