Motar da Za Ta Kai Ragunan Inna Lauratu

Naja'atu na tsugune a garke tana kwaɓa wa raguna dusa da kanwa sai ta ji ƙugin babbar mota ta bakin layinsu. Ba ta ɗago kai ba, amma hannunta ya tsaya a cikin bahon. Duk Gumel babu motar da ke irin wannan nishin in za ta sha kwana sai koriyar motar gidan Malam Ilu, kuma ta san wanda ke riƙe da sitiyarinta.

Mahaifiyarta, Inna Lauratu, na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta ga yadda hannun ya tsaya, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Sai da ƙugin ya yi nisa ta ce mata ta ƙara wa wancan farin ragon ruwa, tun safe yake haki.

Habibullah sunan mai tuƙin. Shi ne babban ɗan Malam Ilu, wanda duk dukiyarsa a duniya motocin ɗaukar kaya ne guda biyu: ɗaya a hannun Habibullah, ɗaya a hannun ƙaninsa Usaini, tsohon kuma yana zaune a rumfar ƙofar gida da waya a hannu yana karɓar masu kaya. Shekara da shekaru su ke kwashe ragunan Inna zuwa Legas in Babbar Sallah ta gabato. Ba nata kaɗai ba ne ma, domin matan unguwa da 'yan uwanta na Ɗanzomo da Gagarawa duk a hannunta suke damƙa abin da suka kiwata, ɗanta Abdulfatah ya bi mota ya sayar, a dawo a ba kowa nata. A wurin wannan lodin ne Habibullah ya fara ganin Naja'atu, ita ma ta gan shi, abu ya yi ta girma a hankali har ya turo manya.

Nan ne magana ta cije. Inna ba ta da abin da za ta kushe yaron da shi, ita da bakinta ta faɗa. Matsalar ita ce mahaifin Naja'atu ma direba ne. Wani babban kamfani yake ja wa mota, aka matsa masa ya kai kaya kafin wayewar gari bayan ya kwana bisa hanya bai runtsa ba, bai kuwa kai ba, a hanya ya rasu. Naja'atu na goye a lokacin. Inna ta ce ita ta san zaman matar direba, ta san yadda ake kasa kunne da dare ana jiran ƙarar mota, ba za ta ɗauki 'yarta da hannunta ta ajiye a wannan zaman ba. In yana sonta da gaske, ya sauka daga mota. Abdulfatah ma har ya samo masa aikin ofis a wani kamfanin sufuri a Kano.

Habibullah ya zo da kansa ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri. Ya ce idanun mahaifinsa sun yi rauni, Usaini bai gama gogewa da doguwar hanya ba, in ya tafi gidan ne zai zauna. Inna ta ce to, kowa ya riƙe nasa. Ta sa Naja'atu ta yi mata alkawari: babu waya, babu zance, babu aike, har ranar da ya canja shawara.

Shekara ta zagayo a haka. Naja'atu ta je makarantar firamaren da take koyarwa, ta dawo, ta shiga garke. Da a ce mugunta ake mata da ta sami wanda za ta yi fushi da shi, ko ta kai ƙara wurin baffanta. To wa za ta kai? Uwar da ke tashi da asuba tana yi mata addu'a da sunanta? Ko saurayin da ya ƙi yar da tsohonsa? Ko ta ina ta juya gaskiya take tararwa a tsaye ta tare mata hanya. Masu nema sun zo, ta ce a ba su haƙuri, Inna ba ta tilasta mata ba. Sai dai gidan ya zama kamar ɗakin da aka toshe tagoginsa, ana hira ana dariya, amma akwai sunan da ba mai ambata.

Da Sallah ta matso, Abdulfatah ya ce bana ba za a nemi gidan Malam Ilu ba, don kada a ta da abin da ya kwanta. Ya riga ya yi magana da kamfanin nan na Kano.

"Inna, su fa komai a sistem yake," in ji shi, yana nuna mata fuskar wayarsa. "Motoci sun fi a ƙirga. Ina zaune a nan zan ga inda motarmu take."

Naja'atu ta so ta ce ragon layya ba buhun masara ba ne, ranarsa in ta wuce ta wuce. Ta haɗiye. Duk abin da ta faɗa za a ce son zuciya ne ke magana.

Aka tara raguna a filin lodi kusa da kasuwar dabbobi ta Maigatari, aka ɗaure su a rana ana jiran mota. Ranar da aka yi alkawari ta wuce. Abdulfatah ya kira, wata murya mai daɗi ta ce a yi haƙuri, tana hanya. Washegari wani ne ya ɗauka, ya ce bai san da maganar ba, a sake ba shi lamba. Manajan da aka yi magana da shi tun farko kuwa wayarsa kullum bizi. Daga ƙarshe wani ya tausaya ya gaya masa gaskiya: an juya motar zuwa wurin wani babban kwastoma mai lodin tirela goma, ragunan mutum ɗaya sai dai su jira bayan Sallah. Abdulfatah ya zagaya tasha, ya tarar duk wata mota mai ƙafa an riga an kama ta.

Harawar da aka tanada ta fara ƙarewa. Raguna suka fara zubar da ƙiba, biyu suka kwanta. Mata suka fara sallama a gidan Inna ɗaya bayan ɗaya. Ba su zo da faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Wata tsohuwa daga Ɗanzomo, Rabi'atu, ta zauna bakin tabarma ta ce ita dai ragonta ɗaya ne, da shi take sa ran rufe ɗakinta kafin ruwa ya sauka sosai, ta zo ne kawai ta ji ko lafiya.

Naja'atu ta shiga ɗaki ta ɗauki wayarta. Ta goge lambar Habibullah tun bara, amma tana nan a kanta. Ta san in ta danna ko ƙasan duniya yake zai ɗauka. Ta daɗe tana kallon wayar, hawaye na ɗiga a kan gilashin, sannan ta fito ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta ajiye ta a kan tabarma.

"Inna, ban karya miki alkawari ba, kuma ba zan karya ba. Amma dukiyar mutane ce ke mutuwa a rana. Ki kira Baba Ilu da kanki. Ni ko gaisuwa ba sai na yi ba."

Inna ta ce da wane ido za ta kalle shi? Ta hana ɗansa 'yarta, ta kwashe kayanta ta kai wa wasu, yanzu da ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ta dawo da ƙoƙon bara? Tsohuwa Rabi'atu ce ta yi gyaran murya ta ce kunya ba ta taɓa ba rago ruwa ba. Inna ta ɗauki wayar.

Bugu ɗaya Malam Ilu ya ɗauka. Ya gaishe ta kamar jiya suka rabu, ya tambayi yara. Da ta fara kame-kame ya katse ta, ya ce labarin ya iso shi tun jiya, ya yi shiru ne don kada a ce ya yi shisshigi. Motocinsa duka biyu da lodi, amma ta ba shi zuwa la'asar.

Abin da ya yi ba wani abin mamaki ba ne. Koriyar motar an riga an cika ta da geron wani ɗan kasuwa, Alhaji Cindo, wanda suka daɗe suna hulɗa. Malam Ilu ya sa aka kai shi har shagonsa a keke-napep, ya ce masa gero zai iya jiran mako guda, rago ba zai iya ba, kuma na marayu ne da zawarawa. Alhaji Cindo ya ce a sauke. Kafin magariba an kafa katakon bene a cikin motar, an zuba yashi, Habibullah na Maigatari yana ɗora raguna da hannunsa. Bai biyo ta gidan su Naja'atu ba, bai aiko da ko gaisuwa ba. Da ta ji haka sai ta shige bayan garke ta yi kuka mai isarta, ita kanta ba ta san na daɗi ba ne ko na ciwo.

Kwanakin tafiyar Inna ba ta zauna ba. Lokaci ya ƙure, kowace sa'a kasuwa na iya juyawa. Da yammacin rana ta biyu Abdulfatah ya kira a fusace, ya ce ga shi sun tsaya a wani gari bayan Neja, Habibullah ya ce ba zai ƙara gaba ba sai ya yi barci, wai dokar babansu ce. Ya roƙi Inna ta yi wa tsohon magana. Ta sa hijabi ta ce Naja'atu ta raka ta, suka tarar da Malam Ilu a rumfarsa.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, da na san zan kori yaron nan ya yi tuƙi ido na lumshewa da ban karɓi kayanki ba. Naki ɗan na cikin motar, nawa na ciki. In raguna suka yi asara, ni da ke za mu zauna mu san yadda za a yi. In na rasa ɗaya daga cikin yaran nan, wa zai biya ni?"

Naja'atu na tsaye a bayan Inna, ta ga kafaɗunta sun fara rawa. Da suka koma, suka kai ƙofar gida, Inna ta tsaya ta riƙe ƙyaure, ta ce, kamar da kanta take magana, shi marigayi mijinta babu wanda ya taɓa ce masa ya tsaya ya huta.

Sun isa Legas ana jibi Sallah. Raguna uku sun mutu, sauran kuma ba su yi kuɗin da aka sa rai ba, domin manyan masu saye sun riga sun gama. Amma an sayar, kowace mace ta karɓi abin da ya fi ƙarfin a ce asara. Abdulfatah ya dawo baƙi wuluk da rana, ya zauna yana ba da labarin yadda suka riƙa tsayawa ana ba dabbobi ruwa, da yadda tsohon ke kira a kowane zango yana tambayar taya da birki da abin da suka ci. Ya ce shi dai duk tsawon hanyar Habibullah bai ambaci sunan Naja'atu ba ko sau ɗaya, shi ne ma ya gaji ya ɗauko maganar, mutumin ya ce alkawarin da ta yi wa Inna shi ma yana wuyansa, bai fita ba tukuna.

Sai bayan an gama hidimar Sallah Inna ta kira Naja'atu ɗaki. Ta ce tsoron da ke ranta bai tafi ba, kuma ba ta jin zai tafi har ta koma ga Allah. Amma ta gane ba mota ce ta cinye mata miji ba, hannun kamfanin da ya faɗa ne, inda ba a san sunansa ba sai lambar motarsa.

"Ki gaya wa yayanki ya je wurin baffanku. A ce wa mutanen nan su dawo."

Naja'atu ta kifa kanta a cinyar uwar, suka yi ta kuka su biyu, babu mai rarrashin wani.

An ɗaura aure bayan kaka. Habibullah bai sauka daga mota ba, Naja'atu kuwa takan kasa kunne in ya yi tafiya, kamar yadda aka faɗa mata. Sai dai in hankalinta ya tashi, taku kaɗan ne zuwa rumfar surukinta, ya gaya mata garin da mijinta ya kwana.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Da Naja'atu ta bi son ranta ta tsallake maganar uwa, da ta sami miji ta rasa albarka. Kuma ko kaya za ka aika ko 'ya za ka aurar, ka duba hannun da zai karɓa: wanda ya san ka, ya san ƙofar gidanka, kuma mutuncinsa na tafe a cikin abin da ka ba shi, shi ne ba ya juya maka baya ranar da ka fi bukatarsa.