Wanda Ya Ɗinka Kakin

Auta ta jingine tsintsiya, ta tsaya a kan mijinta, tela, yana zura zare a allura.

"Na gane ɗinkinka," ta ce. "Ɗan sandan da ya fizgi Baba jiya, kakin jikinsa daga kekenka ya sauko."

Tela ya sunkuyar da kai. Surukinsa Malam ya hau mumbari ya ce zalunci ne Turawan mulki su riƙa kwasar talakawa aikin dole, shi ya sa aka kama shi. Gogan naka kuwa ashe ya karɓi kwangilar kakin 'yan sandansu a ɓoye, wai don ya burge amarya da sabon gado.

Kafin azahar yayanta ya iso, ko zama bai yi ba.

"Ɗauko mayafinki. Kai kuma ka sawwaƙe mata, ba ma haɗa zuri'a da telan masu ɗaure Baba."

Auta ta bi shi tana kuka, amma a bakin ƙofa ta ja ta tsaya. "Yaya, zan bi ka gida, sai dai maganar saki a jira Baba. Shi ya ba shi ni."

Washegari tela ya ɗauki sauran yadin a ka, ya mayar bariki, ya koma facin tsofaffin riguna. Kunya ta kore shi daga sahun gaba a masallaci. Kullum ya je gaida surukarsa sai a shanya shi a rana, ya juyo jiki a sanyaye. Auta kuwa an yi lallashi, an yi faɗa, ta ƙi cewa ba ta son sa.

Ranar da aka sako Malam gari ya ɗunguma gidansa, ban da tela. Bai yi aune ba sai ga tsohon a ƙofar shago, ya rame, Auta da yayanta a bayansa. Ya miƙo rigar da aka yaga masa wajen kamu.

"Baba, ni ban cancanci—"

"An faɗa mini ka mayar musu da yadinsu. Na shiga kurkuku ne don kada a raba maza da iyalinsu, ba zan fito in raba ku ba. Gyara mini kafaɗar nan. Ke kuma Auta, wuce ɗakinki."

Tela ya karɓa, hawaye na ɗiga a kan rigar. Wanda ya ji kunyar laifinsa har ya gyara, bai kamata dangi su rufe masa ƙofa ba, kuma haƙurin Auta ne ya riƙe auren har gyaran ya iso.